Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Auna Ingancin Magungunan Gargajiya na Ƙasar Sin

Duk wanda ya karɓi ƙullin magani daga hannun mai magani, a kan amana ya karɓa. Bai ga itacen da aka sassaƙo ba, bai san dajin da aka haƙo saiwar ba, kuma idan an riga an daka ta ta zama gari, babu sauran abin da idonsa zai iya shaidawa. Wannan matsala ta shafi kowace al'umma da ke neman lafiya a jikin itatuwa. Ƙasar Sin na cikin wuraren da aka fi daɗewa ana fama da ita a rubuce, domin kusan shekara 2,000 ke nan masananta suna tsara sunayen magunguna da kamanninsu da hanyoyin rarrabe na ƙwarai da na jabu. Wannan maƙala za ta duba yadda ake yin wannan aiki a can, jiya da yau, da dalilin da ya sa sunan magani kaɗai bai isa hujja ba.

Abin da Ya Faru a Beljiyam

A shekarar 1990 wani asibitin rage ƙiba da ke babban birnin ƙasar Beljiyam ya sauya haɗin ƙwayoyin da yake bayarwa, ya ƙara garin itatuwa biyu da aka shigo da su daga Sin. Ɗaya daga cikinsu saiwa ce da Sinawa ke kira han fang ji, wadda masana ilmin tsirrai suka sani da Stephania tetrandra. A 1992 sai aka fara ganin mata masu ƙuruciya suna zuwa asibiti ƙodarsu ta lalace cikin 'yan watanni. Likita Jean-Louis Vanherweghem da abokan aikinsa suka bi diddigin al'amarin, suka tarar duk matan sun sha ƙwayoyin wuri ɗaya, suka buga rahoto a kan mutum 9 a mujallar The Lancet a 1993. Kafin ƙarshen shekarun 1990 adadin ya haura 100, kuma mafi yawansu sai da suka koma ga wankin ƙoda ko dashenta.

Da aka kai garin maganin ɗakin gwaje-gwaje, sai aka nemi sinadarin da aka san Stephania da shi, amma a mafi yawan samfurorin ba a same shi ba. Abin da aka samu guba ce mai suna asid na aristolokiya, wadda ke cikin wata saiwa dabam mai suna guang fang ji, wato Aristolochia fangchi. Tsirran biyu ba dangin juna ba ne, amma sunansu na kasuwa ya yi tarayya a kalmar fang ji, busassun saiwoyinsu kuma sun yi kama. Tsugune ba ta ƙare ba, domin a shekarar 2000 an bayar da rahoton cewa daga cikin majinyata 39 da aka yi wa tiyata aka cire matattun ƙodojinsu, 18 suna ɗauke da sankarar hanyar fitsari. A 2002 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya magungunan da ke ɗauke da dangin Aristolochia cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan Adam sankara, ita kuma gwamnatin Sin ta hana amfani da guang fang ji a 2004.

Wannan waƙi'a ta nuna tambaya ta farko da ake yi wa kowane magani na itace: shin shi ne abin da aka ce shi ne? Bayanta akwai wasu uku. Yaya ƙarfinsa yake? Ko akwai wani abu a cikinsa da bai kamata ya kasance ba? Sa'an nan, ko yana warkar da cutar da aka ce yana warkarwa? Kowace tambaya da irin ma'auninta.

Tsohuwar Matsala

Littafin magunguna mafi daɗewa da aka gada a Sin shi ne Shennong Bencao Jing, wanda aka tattara a wajejen ƙarni na 1 zuwa na 2 Miladiyya. Ya ƙunshi magunguna 365, ya kasa su gida uku gwargwadon amfaninsu ga jiki da yawan gubarsu. A wajen shekara ta 500 wani masani mai suna Tao Hongjing ya faɗaɗa jerin zuwa 730, ya kuma koka da cewa likitocin zamaninsa ba su san magungunan da idonsu ba, sun dogara ga 'yan kasuwa, su kuma 'yan kasuwa sun dogara ga masu haƙowa a daji. Ya ambaci dabarun algus na wancan lokaci, kamar turara saiwar huangqi da zuma don ta ƙara zaƙi. Shi ne kuma ya rubuta cewa ana gane wani gishirin magani mai suna xiaoshi ta hanyar ƙona shi, domin na gaskiya yana bayar da launin shunayya. Ɗalibin kimiyyar sinadarai zai gane wannan nan take: gwajin harshen wuta ne na fotashiyam, wanda har yau ake yi a makarantu.

A shekara ta 659 daular Tang ta fitar da littafin magunguna na hukuma mai ɗauke da kimanin magunguna 850, bayan an umarci larduna su aiko da samfurori da zane-zanen abin da ke fitowa a ƙasarsu. Daga baya Li Shizhen ya shafe shekara 27 yana tattara babban littafinsa Bencao Gangmu, ya kammala shi a 1578, aka buga shi a 1596 da magunguna 1,892. Babban ɓangare na wahalar da ya sha shi ne warware ruɗanin sunaye, inda tsiro ɗaya ke da suna da yawa, ko suna ɗaya ya hau kan tsirrai dabam-dabam.

Ido da Hanci da Harshe

A manyan kasuwannin magani irin na Bozhou a lardin Anhui da Anguo a lardin Hebei, ƙwararren mai saye yakan fara ne da dubawa, ya taɓa, ya karya, ya sansana, ya ɗanɗana. Saiwar huanglian ta ƙwarai tana fitowa a dunƙule kamar ƙafar kaza, cikinta rawaya ne mai duhu, ɗacinta kuma ba ya barin baki da wuri. Saiwar gancao kuwa zaƙi ake nema a gare ta. Tianma, wadda wata irin doya ce mai tsada, ana gane ta da wani jan toho mai kama da bakin aku a gefe ɗaya, da tabo mai kama da cibiya a ɗaya gefen, domin akan sassaƙa dankalin Turawa a busar a sayar da sunanta.

Akwai kuma gwaji da ruwa da wuta. Idan aka jiƙa ɓawon itacen qinpi aka ɗaga kofin a hasken rana, ruwan yakan yi wani ƙyalli shuɗi. Garin haijinsha idan aka watsa shi a wuta yakan yi ƙara da walƙiya ya ƙone ƙurmus, wanda aka gauraya da yashi kuwa sai ya bar saura.

Kimiyyar zamani ta gaskata da yawa daga cikin waɗannan alamu. Ɗaci da launin huanglian daga sinadarin babarin suke, wanda shi ne ake aunawa a yau. Zaƙin gancao daga wani sinadari ne da ya ninka sukari zaƙi har wajen sau 50. Misali mafi ban sha'awa shi ne na saiwar huangqin. Masu magani sun daɗe suna ƙin wadda ta koma kore, suna neman rawaya. Bincike ya nuna cewa idan aka jiƙa saiwar a ruwan sanyi, wani sinadari mai narka sinadarai da ke cikinta yakan farka ya farfasa baikalin, wanda shi ne jigon maganin, abin da ya rage kuma sai iska ta mayar da shi kore. Shi ya sa ake turara ta ko a ɗan tafasa ta kafin a yanka.

To amma ido yana da iyaka. Ba ya iya aiki a kan gari ko ƙwaya, kuma ana iya yaudararsa. 'Yan kasuwa kan turara wasu saiwoyi da hayaƙin farar wuta don su yi fari su kuma jure ƙwari, sai mai saye ya ɗauka ya sami na ƙwarai, alhali hayaƙin ya sauya sinadarin maganin, kamar yadda aka tabbatar a saiwar baishao. Wani magani mai suna dongchong xiacao, wanda naman gwari ne da ke tsirowa a jikin tsutsa a tsaunukan Tibet da Qinghai, ya yi tsadar da har akan cusa masa siririyar waya don ya ƙara nauyi a sikeli.

Wuri da Lokaci da Sarrafawa

Ko da tsiron na gaskiya ne, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Sinawa na da kalmar daodi, wadda ke nufin maganin da ya fito daga yankin da aka san shi da nagarta, kamar yadda fataken da suka san darajar goron Gwanja. Ana neman jinsen daga tsaunukan Changbai na lardin Jilin, danggui daga gundumar Min a Gansu, sanqi daga Wenshan a Yunnan, 'ya'yan gouqi kuma daga Ningxia. Dalilin a fili yake: sinadaran da ake nema, tsiro yana ƙera su ne don kare kansa daga ƙwari da cututtuka da zafin rana, saboda haka irin ƙasa da ruwan sama da tsayin wuri da asalin iri duk suna sauya yawansu.

Haka ma lokacin girbi. Jinsen da ake nomawa sai ya shekara 4 zuwa 6 a ƙasa kafin a haƙe shi. Furen jinyinhua ana tsinke shi ne tun bai buɗe ba, domin da zarar ya buɗe ƙarfinsa sai ya ragu.

Sai kuma sarrafawa, wadda Sinawa ke kira paozhi: turarawa, ko tafasawa, ko toyawa da zuma ko gishiri ko ruwan citta. Babu inda muhimmancinta ya fito fili kamar a saiwar fuzi, wadda aka fi saninta a Jiangyou ta lardin Sichuan. Ɗanyar saiwar na ɗauke da guba mai suna akonitin, wadda kimanin miligiram 2 nata kan iya kashe babban mutum ta hanyar rikita bugun zuciya. Jiƙawa da tafasawa na tsawon sa'o'i suna karya wannan sinadari ya koma wasu masu ƙarancin guba ƙwarai. Wanda ya san yadda ake jiƙa rogo mai ɗaci a matse a toya kafin ya zama abinci ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. A gargajiyance mai sarrafawa yakan ɗora ɗan yanki a harshe ya ji ko har yanzu yana sa baki ya mutu. Harsuna kuwa sun bambanta, kuma har yanzu akan sami waɗanda suka sha gubar fuzi da ba a dafa sosai ba. Saboda haka dokar yanzu ta ƙayyade iyakar gubar da za ta rage a ciki da lamba.

Darasin Qinghao

Labarin da ya haɗa dukkan waɗannan abubuwa shi ne na ganyen qinghao, wanda ya shafi kowane gida a ƙasar Hausa. A ranar 23 ga Mayu, 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, domin kulorokwin ya daina aiki a yankin. A 1969 aka ɗora wa wata masaniya mai suna Tu Youyou jagorancin ɗaya daga cikin rukunonin binciken. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ɗaruruwan tatattun magunguna a kan ɓeraye. Qinghao ya ba su wahala: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

Da Tu Youyou ta koma ga wani littafi na Ge Hong, masani na ƙarni na 4, sai ta lura cewa shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse ruwan, bai ambaci tafasawa ba. Ta yi tunanin zafi ne ke ɓata maganin, sai ta koma tatsarsa da sinadarin eta, wanda ke tafasa a digiri 35 kacal. A watan Oktoba na 1971 samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Masu binciken sun kuma gano cewa maganin a ganye yake, kuma yawansa ya danganta da lokacin da aka yanko shi. A 1972 suka fitar da tsantsar sinadarin, wanda duniya ta sani da atemisinin. An ba Tu Youyou lambar yabo ta Nobel a 2015.

A nan ma ruɗanin suna ya taka rawa. Tsirrai fiye da ɗaya ne ake sayarwa da sunan qinghao, amma Artemisia annua ne ke ɗauke da maganin gwargwadon da zai yi amfani, kuma shi kaɗai dokar Sin ta yarda da shi a ƙarƙashin wannan suna a yau. Shi kansa bai zama ɗaya ba. Yawan atemisinin a busasshen ganye yakan kama daga kashi 0.01 cikin 100 zuwa fiye da kashi 1, kuma na kudancin ƙasar, irin na gundumar Youyang, ya fi na arewa nesa ba kusa ba. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: kilo ɗaya na ganye mai rauni zai bayar da giram 0.1, na mai ƙarfi kuma giram 10. Ninki 100 ke nan tsakanin ganyaye biyu da ido ba zai iya bambanta su ba.

Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da jiƙo ko shayin ganyen don maganin zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya sha jiƙon bai san adadin da ya shiga jininsa ba. Zazzaɓin na iya lafawa ya dawo, kuma maganin da bai kai ƙa'ida ba yana ba ƙwayar cutar damar sabawa da shi. An riga an tabbatar da irin wannan turjiya ga atemisinin a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Ƙwayoyin haɗaka masu atemisinin, waɗanda Nijeriya ta mayar maganin farko a 2005, daga wannan ganye suka samo asali. Bambancinsu da jiƙo shi ne an auna su.

A Ɗakin Gwaje-gwaje

Littafin da ke hukunci a kan wannan al'amari a Sin shi ne kundin ƙa'idojin magunguna na ƙasa. An fara buga shi a 1953, aka ware wa magungunan gargajiya juzu'i nasu a 1963, kuma tun daga 1985 ake sabunta shi duk bayan shekara 5. Kowane magani na da shafinsa, inda aka bayyana sunan tsiron na kimiyya, da ɓangaren da ake amfani da shi, da gwaje-gwajen da dole ya ci.

Mataki na farko shi ne madubin likita. Ko an niƙa tsiro, ƙwayoyin halittarsa na riƙe da siffarsu. Ƙwayar sitacin dankali ba ta kama da ta wani tsiro, garin saiwar dahuang kuma cike yake da wasu ƙananan duwatsu masu siffar tauraro.

Mataki na biyu shi ne kuromatogirafi, wato dabarar rarrabe sinadaran da ke gauraye. A sauƙaƙƙen nau'insa, akan ɗiga ruwan maganin a gindin wani faranti mai shafe da farin gari, a tsoma gindin a cikin ruwan narkarwa. Ruwan sai ya riƙa hawa kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, yana jan sinadaran. Wanda ya fi manne wa garin sai ya tsaya kusa, wanda ya fi bin ruwan ya yi nisa, a ƙarshe a ga ɗigo-ɗigo a jere. Akan ɗiga sanannen sinadari a gefe don gwadawa. Da irin wannan gwaji ne aka tona asirin garin Beljiyam. Nau'in da ya fi ci gaba yana tura ruwan da ƙarfin famfo ta cikin siririn bututu, na'ura kuma ta zana kowane sinadari a matsayin tudu a kan takarda, girman tudun ya nuna yawansa.

Ta haka aka mayar da abin da harshe ke ji zuwa lambobi. Bugun kundin na 2020 ya shar'anta kada babarin ya gaza kashi 5.5 cikin 100 a babban nau'in huanglian, baikalin kashi 9 a huangqin, sinadarin zaƙi kuma kashi 2 a gancao.

Mataki na uku shi ne sinadarin gado na DNA. A 2010 masana ƙarƙashin jagorancin Chen Shilin suka nuna cewa wani ɗan yanki nasa mai suna ITS2 ya isa ya bambanta mafi yawan tsirran magani, kamar yadda zanen yatsa ke bambanta mutane. Wani bincike da aka buga a 2016 ya tattara samfurori 1,436 daga manyan kasuwanni 7 na Sin. Daga cikin 1,260 da aka iya karantawa, kimanin kashi 4.2 cikin 100 ba abin da aka ce su ne ba. Sai dai DNA suna kawai yake faɗa. Ba ya bambanta saiwa da ganyen tsiro ɗaya, ba ya nuna ƙarfi, kuma dogon dafi yana lalata shi.

Abin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali Ba

Tambaya ta uku ita ce ta tsafta. Tsiro na zuƙar abin da ke cikin ƙasa, don haka bugun 2020 ya iyakance dalma a miligiram 5 cikin kowane kilo ga saiwoyi irin su gancao da huangqi, asinik miligiram 2, zaiba kuma 0.2. Ya jera magungunan ƙwari 33 da aka haramta, ciki har da DDT, waɗanda ba a yarda a same su ba. Ya kuma sa iyaka ga saurar farar wuta, da gubar afalatoksin da hunhuna ke haifarwa a 'ya'yan itatuwan da aka adana da laima. Wannan guba ce dai manoman gyaɗa da masara ke fama da ita, kuma tana kawo sankarar hanta.

Mafi muni shi ne algus na ganganci, inda ake zuba maganin bature a cikin na gargajiya don mai sha ya ji sauƙi nan take. Wani bincike da aka buga a 1997 ya gwada samfurori 2,609 a Taiwan, ya tarar da kashi 23.7 cikin 100 an gauraya su da magunguna irin su farasitamol da indometasin da firednisolon. A 1998 jami'an lafiya na jihar Kalifoniya a Amurka sun gwada haɗaɗɗun magunguna 260 da aka shigo da su daga Asiya, suka sami maganin da ba a bayyana ba ko ƙarfe mai guba a kashi 32 cikin 100. Wanda ya daɗe yana shan firednisolon bai sani ba yana iya samun kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari, kuma daina shi farat ɗaya na da nasa haɗari.

Iyakar Ma'auni

Su ma lambobin ɗakin gwaji ba su ne ƙarshen magana ba. Tsiro ɗaya na iya ƙunsar ɗaruruwan sinadarai, haɗin gargajiya kuma yakan tara tsirrai goma ko fiye. Sinadarin da ake aunawa wani lokaci an zaɓe shi ne don sauƙin awonsa, ba don an tabbatar shi ne ke yin aikin ba. Haka kuma mai ha'inci na iya ƙara wannan sinadari guda a cikin lalataccen gari ya ci jarrabawa. Don toshe wannan kafa ake duba zanen tuddan gaba ɗaya, a gwada shi da na amintaccen samfuri.

Bayan duk wannan, tambaya ta huɗu na nan. Magani na iya zama na gaskiya, mai ƙarfi, mai tsafta, amma ya kasa warkar da cutar da ake dangantawa da shi. Hanyar sanin haka ita ce gwaji a kan majinyata da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin a ba wasu abin gwadawa, a ƙirga sakamako. Atemisinin ya ci wannan jarrabawa a ƙasashe da dama. Daga cikin ɗaruruwan tatattun magungunan da rukunin Tu Youyou ya gwada, mafi yawa ba su ko tsallake matakin ɓeraye ba.

Kammalawa

Magungunan Sin a kwali da kwalba sun shigo kasuwannin ƙasar Hausa, kuma tambayoyin nan huɗu sun hau kansu kamar yadda suka hau kan sassaƙen gida. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magungunan itatuwa. Ya kamata a san cewa rajistar farko da take ba su ta shafi rashin illa ne, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Kwalin da babu lambar rajista, ko sunan tsiro na kimiyya, ko ranar lalacewa, babu wanda zai iya tsaya masa. Haka nan tazargaden da ake sayarwa a kasuwa dangin qinghao ne, amma dangin na da ire-ire ɗaruruwa, kuma sunan kasuwa ba ya nuna wane iri ne, balle yawan abin da ke cikinsa. Yaron da ke zazzaɓi gwajin jini yake bukata da maganin da aka auna.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa tushen wannan aiki da kayan da ba su da tsada. A daka ganyen zogale da ɗan sifirit, a ɗiga ruwan a gindin siririyar takardar tacewa, a bari ya bushe, a maimaita sau da yawa. Sa'an nan a rataye takardar a cikin kwalba yadda bakinta kawai zai taɓa sifirit, nesa da wuta. Cikin ɗan lokaci koren da ake gani launi ɗaya zai rabu zuwa kore da rawaya. Idan aka gwada ganyen da aka shanya a inuwa da wanda aka bari a rana, ko na zogale da na darbejiya, ɗalibai za su ga bambancin da idonsu. Itatuwan da masu magani ke amfani da su a dazuzzukan ƙasar Hausa suna da yawa, kuma suna bukatar masu ilmin tsirrai da na sinadarai da za su tantance sunayensu, su auna ƙarfinsu, su rubuta ƙa'idojinsu. Daga cikin masu riƙe da wannan takardar tacewa a aji za a same su.